A inganta ragowar 'ya'yan itatuwa, amma a auna ta da gaskiya

Duk lemon zaƙin da aka matse a masana'anta domin a sami ruwansa, kusan rabin nauyinsa ne yake fita ta ƙofar baya a matsayin ɓawo da ɓargo da ƙwayoyi. Tuffa tana barin wajen kashi ɗaya bisa huɗu, inabi ma kusan haka, mangwaro kuwa idan aka haɗa ɓawonsa da ƙwallonsa yakan kai kashi ɗaya bisa uku, wani lokaci har ya haura rabi, gwargwadon irinsa. Wannan ragowa ta sha ruwan ban-ruwa, ta ci taki, an yi mata feshi, an ɗauko ta a mota daidai da ɓangaren da aka ɗura a kwalba aka sayar, sannan a wurare da yawa ƙarshenta juji, inda take ruɓewa tana fitar da iskar metan mai ƙara ɗumamar yanayi, ruwanta mai tsami kuma yana tsiyaya cikin ƙasa da rafuka. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2011 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake samarwa a duniya, wato kimanin tan biliyan 1.3 a kowace shekara, asararsa ake yi, kuma 'ya'yan itatuwa da kayan lambu suna cikin waɗanda suka fi salwanta. A lokaci guda kuma, wajen kashi ɗaya bisa uku na hatsin da ake nomawa a duniya dabbobi ake ciyarwa da shi.

Ina cikin masu ganin cewa mayar da wannan ragowa abinci mai gina jiki, musamman ga dabbobi, aiki ne da ya wajaba a ba shi muhimmanci. Sai dai ina da damuwa da yadda ake yawan ba da labarin nasara a wannan fanni, domin sau da yawa abin da ake nunawa lamba ce da ta ƙaru a takardar ɗakin gwaji, ba tare da an tabbatar cewa saniya ta ƙara madara ko kaza ta ƙara nama ba. Idan ana son aikin ya ɗore, dole ne a auna ingancin da ma'aunin da ba ya ruɗi, kuma dole ne a riƙa kula da ragowar a matsayin abinci tun daga sa'ar da ta fito daga injin matsa.

Ya kamata a fara da sanin abin da ke cikinta da abin da ba ta da shi. Ragowar lemo da ta tuffa suna ɗauke da sukari da ya saura, da fektin, wato sinadarin nan mai sa ruwa ya yi kauri, da faiba mai yawa, wato zaren tsiro mai wuyar narkewa, da ma'adanai, da kuma sinadaran da ke ba 'ya'yan itatuwa launi da ƙamshi, waɗanda galibinsu a ɓawo suka fi taruwa. Ƙwallon mangwaro yana da sitaci da mai. Wannan duka abinci ne mai ba da ƙarfi, kuma masu kiwon shanun madara sun daɗe da sanin cewa busasshiyar ragowar lemo tana iya maye gurbin wani kaso na masara, har ma ta fi ta sauƙi ga tumbin saniya, saboda fektin ba ya tsananta tsami a tumbi kamar yadda sitacin hatsi yake yi. Raunin ragowar yana wajen furotin. Busasshiyar ragowar lemo ba ta cika wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 ba, ta tuffa ma tana nan kusa ko ƙasa da haka, alhali garin waken suya da aka tatse mansa yana da kashi 44 zuwa 48 cikin 100. Bayan ƙarancin furotin akwai abubuwan da ke hana jiki cin moriyar ɗan abin da ke akwai: tanin, mai sa bauri, wanda ya yi yawa a ragowar inabi da ƙwallon mangwaro, yana kama furotin ya hana shi narkewa, ƙwayar lemo tana da limonin mai ɗaci wanda ba ya yi wa kaji da aladu daɗi, ƙwayoyin inabi kuma suna da lignin, ɓangaren itace mai tauri da ko tumbin saniya ba ya iya niƙawa.

Amma kafin a kai ga furotin da bauri, akwai abin da ya fi su gaggawa, wanda kuma ba a cika ba shi haƙƙinsa a rubuce-rubucen bincike ba, shi ne ruwa. Ragowar lemo tana fitowa daga inji da ruwa kusan kashi 80 cikin 100, ma'ana duk tan ɗaya da aka loda a mota, kilo 800 ruwa ne, kilo 200 kawai ne abinci. Ruwa da sukari idan suka haɗu da zafi ba sa jiran kowa. Cikin 'yan kwanaki tarin ya yi tsami, ƙudaje sun rufe shi, fumfuna ta hau kansa. Ɗaukar ta zuwa nesa biyan kuɗin dakon ruwa ne, busar da ita da wuta kuma yana cin makamashi mai yawa, tunda ƙafar da kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar sama da kilojul 2,200. Ga shi kuma ba duk shekara ake samun ta ba: lokacin kakar 'ya'yan itace ta yi yawa har a rasa inda za a kai ta, bayan 'yan watanni kuma a neme ta a rasa. Duk dabarar inganta ragowa da ba ta amsa tambayar yadda za a yi da wannan ruwa da wannan gajeren lokaci ba, a ɗakin gwaji za ta tsaya.

Manyan masana'antun lemo na jihar Sao Paulo ta Brazil, ƙasar da ta fi kowace fitar da ruwan lemo a duniya, da na Florida a Amurka, sun warware nasu ta hanyar sare ɓawon, a zuba masa ƙonanniyar farar ƙasa domin ta saki ruwan da fektin ya riƙe, a matse, a busar, a dunƙule shi ƙanana-ƙanana a sayar wa masu haɗa abincin dabbobi. Wannan yana yiwuwa ne saboda girman masana'antun. Ga masu matsakaicin ƙarfi, hanyar da na fi ganin dacewarta ita ce tsimawa ba tare da iska ba: a gauraya jiƙaƙƙiyar ragowar da busasshen abu kamar karan hatsi ko dusa domin ya tsotse ruwan, a danne sosai, a rufe ruf, sai bakteriya masu samar da tsamin madara su ci sukarin su ƙara tsamin har ya kai inda ƙwayoyin ruɓa ba sa iya rayuwa. Abin da aka tsima haka yakan yi watanni bai lalace ba, kuma gaurayawar tana amfanar ɓangarorin biyu, domin kara shi kaɗai ba shi da ƙarfi, ragowar ita kaɗai kuma ta cika ruwa. Ba sabuwar fasaha ba ce, ba ta da kwarjini a taron masana, amma ta fi yawancin sababbin dabaru kusa da hannun mai kiwo.

Hanyar da ta fi jan hankalin masu bincike ita ce shuka zaɓaɓɓiyar fumfuna ko yis a kan ragowar tana da ɗan danshi, a bar su su yi 'yan kwanaki suna ci suna yaɗuwa. Tushen dabarar tsoho ne, domin da fumfunar Rhizopus oligosporus mutanen Indonesiya suke sarrafa waken suya, da Aspergillus oryzae kuma Japanawa suke sarrafa shinkafa da wake tun ƙarnoni da suka wuce. A kan ragowar 'ya'yan itatuwa an fi gwada Aspergillus niger, wadda take fitar da sinadaran da ke farfasa fektin da tanin, da yis ɗin burodi Saccharomyces cerevisiae, da Candida utilis, da kuma naman kaza na jinsin Pleurotus wanda yake cikin 'yan halittun da ke iya narkar da lignin. Waɗannan halittu suna mayar da sukari jikinsu, jikinsu kuma yana da furotin da bitamin na rukunin B. Ba na shakkar amfanin wannan hanya. Inda nake tsayawa shi ne wajen yadda ake lissafa ribarta.

Hanyar da aka saba auna furotin da ita a abincin dabbobi ta samo asali daga masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark, Johan Kjeldahl, wanda ya fito da ita a 1883. Wannan hanya naitirojin take aunawa, sai a ninka abin da aka samu da 6.25 a kira shi furotin, bisa hujjar cewa kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne. Lissafin yana aiki muddin naitirojin ɗin da ke cikin abincin daga furotin ya fito. To, fumfuna da yis ba sa ƙirƙirar naitirojin daga iska, don haka idan ana son su gina furotin mai yawa a kan ragowar da ba ta da shi, sai an zuba musu yuriya ko gishirin amoniya. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wanda ke nufin kilo ɗaya nata a cikin kilo 100 na abinci zai bayyana a takardar gwaji tamkar kusan kilo 3 na furotin, ko da ƙwayar halitta ɗaya ba ta taɓa shi ba. Idan mai bincike bai raba naitirojin ɗin da ya zama furotin na haƙiƙa da wanda ya saura yadda aka zuba shi ba, lambar da zai bayar ba ta gaya wa kowa komai. Ko wanda ya shiga jikin fumfunar ma ba duka ne furotin ba, saboda bangon ƙwayoyinta yana da kaitin, wanda shi ma yana ɗauke da naitirojin, haka nan sinadaran da ke ɗauke da gadon halitta (DNA da RNA) da ke cikinta.

Akwai ruɗi na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. Ƙwayoyin halitta suna numfashi, suna ƙone wani ɓangare na sukari da sitaci ya tashi a matsayin iskar kabon da tururi. A ɗauka, a misali, an fara da kilo 100 na busasshiyar ragowa mai furotin kilo 6, ba a ƙara mata komai ba, bayan tsimawa kuma ta koma kilo 70. Furotin ɗin yana nan kilo 6 ɗinsa, amma a lissafin kaso ya tashi daga 6 zuwa kusan 8.6 cikin 100, sai a rubuta cewa furotin ya ƙaru da kusan rabi. Gaskiyar abin da ya faru ita ce an yi asarar kilo 30 na abinci mai ba da ƙarfi, wanda da saniya ta ci da ta amfana da shi. Wani lokaci wannan musaya tana da riba, idan abin da ya saura ya fi narkewa ko ya rage cutarwa, amma ba a iya yanke hukunci sai an faɗi nauyin farko da na ƙarshe, kuma rahotanni da yawa ba sa faɗa.

Wanda yake ganin wannan tsantseni ya yi yawa, ya tuna abin da ya faru a ƙasar Sin a 2008, lokacin da aka gano ana zuba melamin, wani sinadarin yin roba mai yawan naitirojin, a madara domin ya ɗaga lambar naitirojin a gwaji. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda, shida suka rasu. Wancan ha'inci ne da gangan, kuma ba na kwatanta masu binciken ragowar 'ya'yan itatuwa da waɗanda suka aikata shi. Na kawo shi ne domin ya nuna cewa ma'aunin yana da ƙofar da ake iya bi a ruɗe shi, kuma idan kasuwar abincin dabbobi daga ragowa ta bunƙasa ba tare da an toshe wannan ƙofa ba, za a sami waɗanda za su bi ta.

Bambancin yana da nauyi ne saboda dabbobi ba ɗaya suke ba. Masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki, suna da ƙwayoyin halitta a tumbinsu da ke iya mayar da yuriya furotin, matuƙar an ba da ita kaɗan-kaɗan tare da abinci mai ƙarfi. Idan ta yi yawa a lokaci guda amoniya takan shiga jini ta kashe dabbar cikin sa'o'i. Kaji da kifi ba su da wannan baiwa, su furotin na haƙiƙa suke buƙata, mai cikakkun tubalansa irin su laisin da metiyonin, faiba mai yawa kuma cika musu ciki kawai take yi. Ko a wajen shanun ma akwai darasi mai ɗaci: binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna cewa shanu masu ciki da aka ciyar da ragowar tuffa haɗe da yuriya sun haifi maruƙa matattu ko raunana, wasu da nakasar ƙashi. A takarda wannan haɗi ya cika sharuɗɗan abinci mai kyau, ga ƙarfi ga furotin. Jikin dabbar ne ya nuna akasin haka. Shi ya sa nake ganin ba a gama tabbatar da ingancin kowace ragowa ba sai an ciyar da dabbar da aka nufa da ita na tsawon lokaci, an auna girmanta da madararta ko ƙwanta da lafiyar abin da ta haifa.

Sai kuma batun guba, wanda shi ne dalilin da ya sa nake cewa a kula da ragowar a matsayin abinci tun daga bakin inji. Yanayin ɗumi da danshi da fumfuna mai amfani take so, shi ne dai wanda mai cutarwa take so. Aspergillus flavus, mai samar da aflatoksin, 'yar'uwa ce ta kusa ga Aspergillus oryzae, har ido ba ya iya raba su da tabbaci, kuma an gano gubarta ne bayan mutuwar talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960 sakamakon gurɓataccen garin gyaɗa. Aflatoksin yana ratsa jikin saniya ya fito a madara, daga nan ya kai ga yara. Ruɓaɓɓiyar tuffa tana ɗauke da gubar fatulin, wasu nau'o'in Aspergillus niger ɗin kanta ma suna fitar da guba, don haka ba kowace baƙar fumfuna ake shukawa ba. Magungunan feshi na gona da waɗanda ake shafa wa lemo bayan girbi domin kada ya ruɓe a hanya, a ɓawo suke zama, busarwa kuma tattara su take yi. Har abin da ake ƙarawa wajen sarrafawa yana iya zama silar masifa: a 1998 an bi sawun dayoksin, wani sinadari mai guba, da aka gani ya ƙaru a madarar shanu a Jamus, aka tarar daga busasshiyar ragowar lemon Brazil ya fito, ita kuma ta same shi ne daga gurɓatacciyar farar ƙasa da aka yi amfani da ita wajen busarwa. Abin da aka ɗauka shara ba a damuwa da abin da ya faɗa cikinsa, ko ruwan wanke inji ne ko tarkacen leda, kuma wannan halin ko-in-kula shi ne babban haɗari.

Wasu suna ganin ciyar da dabbobi ƙasƙantar da ragowar ne, tunda ana iya tatso abubuwa masu tsada daga cikinta. Suna da hujja. Fektin ɗin da masana'antun abinci suke amfani da shi a duniya, kusan dukkansa daga ɓawon lemo da ragowar tuffa ake samo shi. Man ɓawon lemo yana shiga turare da sabulu. Daga abarba ake ciro biromelen mai tausasa nama. Ana kuma niƙa busasshiyar ragowa a gauraya da fulawa domin ƙara wa burodi da biskit faiba. Amma kasuwar waɗannan kayayyaki ƙarama ce idan aka kwatanta da miliyoyin tan da ake zubarwa, kuma bayan an tatso su mafi yawan nauyin yana nan yana jiran a san yadda za a yi da shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a jera ayyukan: a fara cire man ɓawon, wanda dama yana kashe ƙwayoyin halitta yana hana tsimawa tafiya daidai, sannan abin da ya saura ya tafi wajen dabbobi, wanda ya gurɓata har bai dace da ci ba kuma shi ne za a kai ramin samar da iskar gas ta girki ko a yi taki da shi. Tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira soja ma tana da gurbi a wannan jeri, domin busasshiyarta tana da furotin wajen kashi 40 cikin 100, kuma Tarayyar Turai ta amince a ciyar da kifi da furotin ɗin ƙwari a 2017, kaji da aladu kuma a 2021. Sai dai ita ma ba ta tsallake ƙa'idar naitirojin ba: idan ragowar 'ya'yan itace zalla aka ba ta, girmanta yakan yi jinkiri, sai an haɗa mata da wani abu mai furotin.

Nauyin farko, a ganina, a kan masana'anta yake. Ita ce take da ragowar tana sabuwa, mai tsabta, a wuri ɗaya, kuma ita ce take iya bincikar irin maganin da aka fesa wa kayan da ta saya. Muddin zubarwa a juji ta fi sarrafawa sauƙi, ba za ta motsa ba, saboda haka aikin hukuma ne ta sa zubar da jiƙaƙƙiyar ragowa ya zama abin da ake biyan diyyarsa, ta kuma sauƙaƙa wa wanda ya kafa wurin matsewa ko tsimawa a kusa da masana'antar. Ƙasashen duniya sun ɗauki alkawari a 2015, cikin muradun ci gaba mai ɗorewa, cewa za su rage asarar abinci a matakan samarwa da sarrafawa kafin 2030, kuma ragowar masana'anta ta fi sharar gidaje sauƙin kamawa, tunda ba a warwatse take ba.

Nauyi na biyu a kan masu sa ido kan ingancin abincin dabbobi yake. Duk buhun da aka ce ragowa ce da aka inganta, ya kamata doka ta tilasta a rubuta a jikinsa yawan ruwansa, da furotin ɗinsa na haƙiƙa daban da sauran naitirojin, da irin dabbar da ya dace da ita da iyakar abin da za a ba ta a rana, da shaidar cewa an gwada shi an tabbatar ba shi da aflatoksin da ragowar maganin feshi fiye da ƙima. Masu ba da kuɗin bincike su ma su daina karɓar rahoton da ya tsaya a ƙaramin kwanon gwaji. Su nemi lissafin nauyin da aka fara da shi da wanda aka ƙare da shi, da makamashin da aka ƙone wajen busarwa, da sakamakon ciyar da dabbobi na haƙiƙa har tsawon zagayen haihuwa ɗaya aƙalla. Mai kiwo ba shi da ɗakin gwaji, abin da aka rubuta masa shi zai gaskata, kuma idan buhun farko ya kashe masa kaji ko ya zubar wa shanunsa ciki, ba zai sake sayen na biyu ba ko da daga baya an gyara shi.